Shekarar da Na Toshe wa Kwamfutata Ramuka

Ranar sunan ɗiyar Nura ina zaune a ƙarƙashin rumfa, na sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, sai na ji da kunnena ana ba da labarina. Nura ne da bakinsa yake gaya wa abokansa wai ubansa yana da wata kwamfuta a shago da ta ga jiya ta ga yau, an liƙe mata ramuka da kyandir, ba ta shiga intanet, ko ƙuda ba ya sauka a kanta sai da izini. Suka kwashe da dariya. Wani ya ce ai tsofaffin Kano sai a hankali wajen riƙon abin hannu. Wani kuma ya rage murya ya ce shi ya ji saboda wannan kwamfutar ce Baba Bitrus ya bar unguwa. Zancen rowa bai dame ni ba, an faɗa mini abin da ya fi haka a kasuwa. Na Bitrus ne ya yi mini zafi. To tunda ku 'ya'yana haka kuke ba da labarin, ni kuma ba kullum zan kasance ina gyara muku ba, bari in rubuta yadda aka yi. Ku karanta da kyau, musamman kai Nura mai bakin aku.

Kun dai san sana'ata zane ce tun kafin a haife ku. Ina yaro a cikin birni na koyi zana wuyan riga da aljihunta a kan yadi, da alƙalamin kara da tawada, masu ɗinkin hannu su bi zanen da allura. Aska biyu, aska takwas, tambari, duk na zana su har hannuna ya san hanya ko ban duba ba. Bayan mun dawo Gyaɗi-Gyaɗi ne aikin kwamfuta ya fara cinye kasuwa. Abokan sana'ata suka yi ta tsine masa. Ni kuwa son sani ya hana ni zama. Na je na tsaya a kan wani inji ina kallon allurarsa tana gudu ita kaɗai ba hannun kowa, na ce wallahi sai na gano wanda yake gaya mata inda za ta soka. Haka na sayar da filin gadona na sayi inji na hannu, wanda ya gama aiki a wata ƙasa aka kawo shi nan tare da kwamfutarsa, wata waya mai faffaɗan kai ta haɗa su. A cikin kwamfutar akwai manhajar zane, wato abin da kake buɗewa ka shata wa allura hanyarta ɗigo bayan ɗigo. Shekara da shekaru na yi ina kwashe abin da ke kaina ina zubawa a ciki. Da wannan injin kuka yi makaranta, da shi aka yi wa 'yan matanmu kayan ɗaki.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ta fara ne da wani rubutu da ya cika fuskar kwamfutar wata safiya. Turancina na sayen zare ne, don haka na aika aka kira Hafsatu, ita da ta yi karatun abin, tana aure nan kusa da mu a Tarauni. Ta karanta ta taɓe baki.

"Baba, cewa suke yi sun daina kula da wannan Windows ɗin. Ta bakwai ce, ta tsufa."

"Tsufa kamar yaya? Jiya na fitar da wuyan riga da ita, ko tari ba ta yi ba."

"Ba lalacewa ta yi ba. Ka tuna gidan Kaka na cikin birni? Duk bayan damina sai magini ya zo ya yi yaɓe, ya toshe inda ya tsage. To masu ita ma haka suke yi, suna aiko da gyara ta intanet. Yanzu sun ce maginin ya daina zuwa. Katangar tana nan, amma duk tsagar da aka gano daga yau haka za ta zauna a buɗe."

"Wa zai gano?"

"Ɓarayi mana."

"Ikon Allah! Ɓarawo ya yi me da aska takwas?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ba zanen suke so ba. Wani abu suke sakowa, bairos, ya shiga ya kulle maka duk abin da ka ajiye, su ce sai ka biya su kafin su buɗe. Wani bairos ɗin ma ba ya neman komai, ɓarna kawai ya sani. Ban yarda ba sai da ta kai ni wajen wani mai ɗaukar hoto ta hanyar Babban Giji da abin ya faɗa wa. Mutumin ya kunna mana kwamfutarsa. Hotunan bikin mutane na shekaru suna nan jere, kowane da sunansa, amma ka taɓa ɗaya ya ƙi buɗuwa. Allah Ya yafe mini, mutum yana cikin jimami ni kuwa tambayoyi ne suka cika mini baki. Ta ina ya shigo? Yana da siffa? In an kashe kwamfutar barci yake yi ko mutuwa? Sai da Hafsatu ta ja hannun rigata muka fito. A hanya kuma na tuna nawa zanen, tsoro ya kama ni.

Abin da ko yaro zai faɗa maka shi ne ka sayi sabuwa, kuma ni ma can na fara nufa, kada ku ce ban gwada ba. Na ɗora akwatin kwamfutar a cinya cikin adaidaita sahu zuwa kasuwar 'yan waya wajen Emeka, mai gyaran da yake duba mini ita tun farko. Haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya juya ta ya dubi bayanta.

"Alhaji, sababbin ba su da ramin wannan wayar ma. Ko mun yi dabara mun haɗa, manhajarka ba za ta tashi a kansu ba. Ina faifan da aka zuba ta da shi?"

"Wane faifai? Haka na saye ta."

Ya daɗe yana bincike a wayarsa, sannan ya ɗago yana girgiza kai.

"Kamfanin da ya yi manhajar ya rufe tuntuni. Abin da ke cikin akwatin nan shi ke nan, Alhaji. Ranar da ya tafi, injinka ya zama ƙarfen 'yan gwangwan."

Shi da Hafsatu suka haɗa kai. Ashe ana iya gina wa tsohuwar kwamfuta ɗaki a cikin sabuwa, ta zauna a ciki tana zaton gidanta ne. Wannan abu ya ba ni mamaki har na kwana biyu ina ba Innarku labarinsa tana cewa in bar ta ta ji da tukunyarta. Suka kwafe duk cikin tsohuwar suka zuba a wannan ɗakin, ta kuwa tashi. Na fara hamdala ke nan manhajar zanen ta leƙo, ta gane an sauya mata gida, ta ce sai an kawo mata lambar izini daga kamfanin nan da ya mutu. Nan muka tsaya cirko-cirko. Zane-zanen an kwafe su an adana, amma babu abin da zai buɗe su ya kai wa allura sai wannan manhaja guda ɗaya, a cikin wannan akwati guda ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau, don duk abin da na yi daga baya a kansa na yi.

A cikin wannan fafutukar ce Hafsatu ta kawo tsohuwar laftof ɗinta, ta zuba mata wani abu wai shi Linux. Ta ce shi ana ci gaba da yi masa yaɓe, ba ya raina tsohon ƙarfe, kuma bairos ɗin da ke cin Windows ba ya iya motsi a cikinsa. Na ce nawa ake sayar da shi, ta ce kyauta ne.

"Kyauta? Su waye masu shi?"

"Mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa ya gyara inda ya iya."

"To me suke ci?"

Ba ta ba ni amsar da ta gamsar da ni ba, har yau kuma ban samu ba. Na dai ɗauke su kamar masu ajiye randar ruwa a ƙofar gida don mai wucewa, na yi musu addu'a ko su waye. Na so abin nan ƙwarai. Ina da furfura na zauna ina koyon inda ake latsawa, in ɓace in dawo. Ranar da muka haɗa shi da injin na sa hula sabuwa. Shiru. Allura ko gezau. Ba su jin yaren juna, kuma babu mai fassara. Na yi tsaki na cire hular.

Abin da ya rage shi ne tsohuwar ta ci gaba da aiki, amma a sa ta kulle. Aka zare mata abin intanet, wannan bai yi mini zafi ba, da ma labarai kawai nake dubawa. Sai Hafsatu ta tsaya tana kallon gaban akwatin ta ce ai intanet ba ita ce babbar ƙofar ba. Kun san shagona ne kaɗai mai janareta a layinmu a lokacin. Da an ɗauke wuta sai jama'a su yo ɗango, mai shayi, mai kayan miya, 'yan adaidaita, kowa da wayarsa da igiyar caji, a cusa a ramukan kwamfutar gaba da baya har ka rasa wacce ce ta wa. Wani ya zo da filash a tura masa karatun malami, wani hotunan biki. Ban taɓa ganin aibun haka ba. Maƙwabci ya zo neman abin da ba zai rage ka da komai ba, ina ma bakin cewa a'a?

"Baba, wannan ai ba kwamfuta ba ce, rijiyar unguwa ce, kowa da gugansa. Duk wayar da aka soka da duk filash, hanya ce. Daga yau babu."

Na ce to. Da na je gida na faɗa wa Innarku, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, kai ne za ka hana? Gobe mai shayi zai ce maka wayarsa ta mutu, matarsa tana asibiti, ka ce to sa na yau kawai. Jibi kuma wani."

"To ya kike so in yi, in rufe shagon?"

"Ka sa abin ya gagara. In babu rami, ai ba ka hana kowa ba."

Kun ji asalin kyandir. Dabarar uwarku ce, ku je ku yi mata dariyar in kun isa. Ta san ni, ta san unguwarmu. Mu nan mutum zai yafe wa abin da ya lalace, amma ba zai manta da fuskar da ta ce masa a'a ba.

Yanzu sai in kawo muku Bitrus. Ku kun tashi kun gan shi ne a matsayin Baba Bitrus mai ba ku alewa yana tambayar ku jadawalin lissafi. Ni na san shi tun yana hedimasta, mutumin wajen Kafanchan, yana zaune a Daurawa da matarsa Ladi. Ya kawo mini aikin bajo, wato tambarin rigar makaranta, muka yi musu a kan launin zare, daga nan muka ƙulle. Naman layyarmu yana zuwa gidansu, shinkafar Kirsimetinsu tana zuwa namu, Ladi kuwa har ɗakin Innarku take shiga su raba dare suna hira in ana hidima. Da ya yi ritaya sai shagona ya zama ofishinsa. Ba a bencin waje yake zama ba, kujerarsa tana ciki, dab da kwamfutar, yana karanta jarida yana gyara mini Turanci. Ranar da na toshe ramukan shi ya riƙe mini kyandir ɗin. Na cusa takarda a kowane rami, yana ɗiga kakin a kai yana dariya har da hawaye, wai yau ya ga an yi wa kwamfuta maganin gargajiya. Da muka juya bayanta ya ga na tsallake guda ɗaya can ƙasa.

"Wannan fa, Sule?"

"Wannan nawa ne. Ta nan zan riƙa kwashe sabon zane ina adanawa. Kada ka faɗa wa kowa."

"Bakina ƙanin ƙafata," in ji shi, ya hure kyandir ɗin.

Na sayo doguwar soket mai baki da yawa na ajiye a waje don masu caji, aka yi ƙorafi na kwana biyu aka saba. Laftof ɗin Hafsatu kuma na ɗora ta a kan ƙaramin tebur a bakin ƙofa, na sa mata suna zaure, don duk baƙon filash a nan yake sauka. A nan son sanina ya samu abinci. Hafsatu ta nuna mini yadda bairos yake ɓuya. A Windows ba ka ganinsa, yana sa rigar fayilolinka ya zauna. Amma a zaure sai ka gan shi tsirara, kwance a gefe da wasu sunaye marasa kan gado, ba ya iya ko juyi. Tabɗijam! Sai na koma roƙon mutane su kawo filash ɗinsu in duba. Na limaminmu da shi, na mai kemis da shi, kusan duk unguwar ɗauke muke da abin nan muna ba juna da bismillah, kuma a da duk cikin kwamfutata ake tsomawa. Yadda ta tsira a shekarun baya, Allah ne kawai Ya tsare. Abu ɗaya ne ban koya ba. In mai aiki ya kawo hoton tambarin makaranta ko na ƙungiya a filash, Hafsatu ce take tsamo hoton shi kaɗai daga zaure, ta sa a wani filash mai tsabta da take ajiye wa, ta shigar ta ramin baya. In ba ta nan Emeka ya yi. Nakan ce gobe zan zauna ta nuna mini, goben ba ta zo ba.

Ana saura kwanaki Kirsimeti Ladi ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Ni da Innarku muka je Daurawa gaisuwa, na tarar da Bitrus zaune ya zama wani ƙaramin tsoho, hannunsa a cikin nawa sanyi ƙalau. A wannan makon ne kuma aka kwantar da Hafsatu haihuwar fari, abin ya zo da gardama har aka yi mata aiki, kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Emeka ya rufe shago ya tafi garinsu hutun ƙarshen shekara, wayarsa ba ta shiga. Washegarin gaisuwar ina shago da hantsi sai ga Bitrus da ƙullin fararen ɗankwalaye a leda. Ya zauna a kujerarsa ya fito da filash daga aljihu. Ya ce Ladi ce shugabar matan zumunta a cocinsu, kuma tana kwance a asibiti ta zana wani fure a takarda, tana so a ɗinka a ɗankwalin matan don taronsu na baɗi. Jikansu ya kai takardar wani shagon buga takardu aka ɗauki hoton furen aka zuba a filash ɗin, takardar kuma ta ɓace a hidimar asibiti. Yanzu matan sun ce da furen za su raka ta. Jibi da safe mota za ta tashi da gawa zuwa ƙauye.

Na karɓa na soka a zaure. Furen ya fito, mai ganye biyar, an zana shi da biro. A gefensa kuma ga mutanen nan, wato bairos, kwance, har iri biyu, na gane su sarai. Yadda ake wannan aiki, hoton ake shigarwa cikin manhajar a shimfiɗa shi a ƙasa, ka bi kansa da ɗigo, ya fito sak yadda mai shi ya zana. Bitrus ya sha ganin ana yi. Na nuna masa da yatsa na ce filash ɗin yana da cuta. Ya dubi inda na nuna, bai ga komai ba sai haruffa.

"Sule, akwai na baya. Ni na riƙe maka kyandir."

"Malam Bitrus, in na sa shi abin nan zai iya shiga. In ya ci manhajar, babu mai dawo da ita, ko ni ko Emeka."

"Zai iya, ka ce. Ba lallai ba."

"Ba lallai ba."

"Shekara nawa muna soka namu a nan ba abin da ya faru? Na minti ɗaya ne. Ladi ce fa."

Wallahi hannuna sai da ya kai bayan akwatin. Na taɓa ramin da yatsa. Na tuna mai hoton nan da kwamfutarsa cike da abin da ba ya buɗuwa, na tuna ƙannenku biyu suna makaranta a lokacin, na tuna ba ni da wani filin da zan sake sayarwa. Na janye hannuna. A rayuwata ban taɓa jin nauyin kalma irin na ranar ba.

"Ba zan sa ba. Ka yi haƙuri."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Shekara nawa ina shiga gidanka har tsakar gida. Yau ni ne na zaure."

"Haba Malam, ba kai ba ne, filash ɗin ne. Ka bar mini. Tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta nake zane da ido. Zan dube shi a nan in zana shi a can, ba za ka gane bambanci ba."

Ya miƙe, ya bar ledar da filash ɗin a kan tebur, ya fita.

Na jawo zaure na ajiye ta gefen tsohuwar, ina duban wannan ina ɗigawa a waccan. Fure mai ganye biyar ba wani aiki ba ne wajen wanda ya zana aska takwas, amma na ba shi wunin nan gaba ɗaya, na zaɓi zare ja mai duhu da kore, na gwada a ƙyalle na kwance na sake. Na ture aikin kowa, har na wani ango da ya zo yana kumfar baki na ce ya je ya kai ƙara. Washegari inji ya wuni yana gudu, ina sa ɗankwali ina cirewa, Innarku da ta dawo daga asibiti ta zauna tana yanke zare tana gogewa tana share hawaye. Kafin magariba mun gama duka.

Kafin in faɗi abin da ya faru a bakin mota, bari in share muku zancen barin unguwa. Bitrus bai bar Kano saboda ni ba. 'Ya'yansa ne suka ce ba zai dawo ya zauna shi kaɗai ba, suka riƙe shi a can ƙauye bayan jana'iza. Muna waya, yakan kira ni da Sallah, ni in kira shi da Kirsimeti, mu tambayi iyali da jiki. Hirar ba ta tsawo kamar da, wannan gaskiya ne, kuma yana damuna. Da Hafsatu ta warware ta zo da jaririnta na ba ta labari, ta nuna mini yadda ake tsamo hoto shi kaɗai, abin bai kai shan kofin shayi ba. Yanzu na iya, da idona a rufe ma. Game da ƙin sa filash ɗin kuwa, ko yau aka dawo da ni wannan hantsin da abin da na sani a lokacin, ba zan sa ba. Manhajar tana nan da ranta, da ita ƙannenku suka gama makaranta. Amma kada wani a cikinku ya ce a banza na samu wannan.

Da safe na ɗauki ledar na tafi ƙofar cocinsu. Motoci biyu ne, ta gawa da bas ta 'yan rakiya, matan zumunta sun taru da zannuwansu iri ɗaya suna waƙa a hankali. Bitrus yana tsaye a bakin bas ɗin. Na gaishe shi na miƙa masa. Ya zaro ɗankwali ɗaya ya warware, ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, ya shafa zaren da babban yatsa.

"Ya yi kyau, Sule. Ya yi kyau ƙwarai."

Na ce alhamdu lillahi.

"Wannan ganyen na hagu," ya ce, yatsansa a kai. "Nata a karkace yake. Lokacin hannunta ya fara rawa, ni na riƙe mata takardar."

Na matso na dubi ganyen.

"Naka ya fi kyau. Amma ba nata ba ne."

Ya ninke shi yadda Innarku ta ninke, ya miƙa wa matan ledar, suka rarraba suka ɗaura suna yi mini godiya. Ya ba ni hannu, ya ce Allah Ya saka, ya shiga mota.

Ban tsaya ko'ina ba sai shago. Filash ɗin yana nan a jikin laftof ɗin inda na bar shi. Na buɗe hoton na kawo fuskata kusa. A karkace yake. Wuni guda ina kallonsa, idona ya gani, hannuna ne ya miƙe shi bai tambaye ni ba.